Yakuwar Gwaggo Ta Sha Atamfa

Jiran haihuwa ne ya kawo Gwaggo Greensboro, can ƙasar Turawa. Amal ce ke da ciki, matar Haris, ɗan ƙanenta da ta raina tun yana rarrafe. To amma ciki wata huɗu ta tarar, kuma mutumin da ya saba da wuni a tsaye ba ya iya zaman kallon bango. Haris kullum yana makaranta, Amal ta kafa ido a kwamfuta. Sati biyu kacal Gwaggo ta fara maganar a mayar da ita gida. Shi ya sa Haris ya nemo mata fili a lambun unguwa, bayan wani coci da ke kan titinsu a East Greensboro.

Fili fa aka ce. Da ta je, sai ta ga akwatin katako cike da ƙasa, tsawonsa bai wuce tabarma biyu ba.

"Kai Haris, wannan gona ce ko gadon jaririn kuka kawo nan?"

Wata mata da ke duƙe a akwatin kusa ta fashe da dariya, ta ce da Hausa, "Hajiya, sannu da zuwa. Nan haka muke noma, da cokali." Zipporah ke nan, wadda kowa ke kira Maman Seth, mutuniyar Mangu, nas ce, shekararta ashirin a garin. Daga ranar suka ƙulle, kullum suna tare, kullum suna musu.

Irin yakuwa Gwaggo ta tsinto a gindin ledar busasshen zoɓon da suka sayo a shagon kayan Afirka. Maman Seth ta ce ta shuka yanzu-yanzu, tun watan Mayu bai fita ba. Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi sama, ta taɓe baki.

"Ba a shuka yakuwa sai damina ta zauna."

"Hajiya, nan babu damina. Ruwa ranar da ya ga dama yake zuwa."

"Ke dai allura kika sani. Bar mini ƙasa."

Haka ta zauna jiran damina har ƙarshen Yuni, ranar da aka yi wani ruwa mai tsawa da ya yi mata kama da na gida. Washegari ta shuka. Kuma tun iri bai tsaga ƙasa ba ta yi shela: ranar suna babu mai shan lemon kwalba, zoɓon hannunta za a sha. Ta faɗa wa matan lambu, ta faɗa wa abokan Haris, ta buga waya Kazaure ta faɗa wa duk wanda ya ɗauka.

Yakuwa kuwa ta yi kyau, tubarkalla. Gindi bakwai, duk sun fi ta tsawo, an sha miya an ƙoshi. Fure ne dai shiru sai cikin Oktoba, sannan 'ya'yan zoɓon suka fara leƙowa, ja-ja, ƙanana kamar kan yatsa. Ana cikin haka Amal ta sauka ranar wata Asabar, aka sami mace. Suna sai Asabar mai zuwa.

Ranar Laraba da la'asar Maman Seth ta shigo lambu da kayan aiki a jikinta, tana ɗaga waya.

"Hajiya, frost gobe da asuba! Raɓa ce mai daskarewa, duk ganyen da ta hau ya mutu. Ki tsinke zoɓonki yau."

"Waɗannan jariran? A garinmu sai an gama yankan dawa ake waiwayar zoɓo. Kwana biyu nake so ya ƙara kumbura."

"To ki rufe su da tufafi. Bari ki gani."

Ta koma mota ta ɗauko zaninta na zumunta mata, ankon matan cocinsu, ta wurga shi a kan gindi ɗaya, ta ja shi har ƙasa, ta danne gefe da duwatsu. Gwaggo ta riƙe haɓa.

"Haka kuke ɗaura zani a Mangu? Kamar an kife kaza da kwando?"

"Ni dai na makara aiki. Ki yi wa sauran haka."

Gwaggo ta garzaya gida ta buɗe akwati. Zannuwan zaman gida duk sun yi mata shara-shara, sai ta kwaso atamfofi shida masu kauri, ta ɗora wa Haris a kafaɗa.

"Gwaggo, wannan koren ba shi ne na fitar sunanki ba?"

"Idan babu zoɓo, da wane ido zan fita?"

A lambun ta tsaya ta ƙare wa aikin Maman Seth kallo, ta ga ba za ta iya yi wa atamfa wannan wulaƙanci ba. Ita abin da ta sani, sanyi ta ƙirji yake shiga. Sai ta bi gindi shida ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ta yi musu ɗaurin ƙirji, tsaf, ta soke bakin zani kamar yadda take yi wa kanta, kawunansu a waje suna shan iska. Da ta ja baya, sai ka rantse 'yan biki ne suka jeru jiran mai hoto. Haris ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi, ya rufe.

Da gari ya waye ciyawa ta yi fari fat. Gwaggo ta iso lambu tana sauri, ta ja ta tsaya cak. 'Yan bikinta duk sun sunkuyar da kai, ganyen sama ya yi baƙi ya langaɓe kamar an tsamo shi daga tukunya, 'ya'yan da ke can sama sun yi laushi tuɓus. Ta ɗaga zanin zumunta a hankali. Wannan kam ko mura ba ta yi ba.

Maman Seth, da ta biyo daga asibiti, ta dafa katako tana dariya har da hawaye.

"Hajiya! Ba ki ba su ɗankwali ba?"

Gwaggo ta matsa kusa da 'yan bikinta. Ta kwance zani ɗaya, sai ga rassan da ke ƙarƙashi lafiya lau, 'ya'yansu jawur. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Kawo kwanonki, Maman Seth. Yau ma ai kaka ce."

Suka tsinke na tsinkewa, suka ɓare, suka fitar da ƙwallon ciki. Ranar Juma'a Gwaggo ta dafa shi ɗanye da citta da kanumfari, ta tace, ta duba: jug biyu, na biyun ma bai kai wuya ba. Ga baƙi kusan arba'in. Amal ta ce a hankali ko a ƙara da na shago, ai babu wanda zai gane. Gwaggo ta ce ita za ta gane.

Ranar suna ta aika Haris ya aro ƙananan kofunan shayi wurin Kader, abokinsa ɗan Nijar. Ta ja kujera ta zauna a bakin tebur, jug biyu a gabanta, tana tsiyaya wa kowa kurɓi biyu da hannunta. Kofin farko, wanda ta cika har baki, Maman Seth ta miƙa wa.

Kader ya shanye nasa, ya lashe leɓe, ya sake miƙo kofi.

"Gwaggo, a ƙara mana mana."

Ta dafe murfin jug da tafin hannu. "Sai baɗi, ɗana. Ja can, akwai na bayanka."