Ƙunar Ƙafar Ummusalma

Kwana talatin da biyu da haihuwa, nonon Ummusalma ya fara janyewa. Kulsumu, uwar mijinta, ita ta fara ganewa, domin ita ke goyon jaririn. Abbati, wanda ya ci sunan kakansa Labbo, mijin Kulsumu da 'yan gidan ke kira Baffa, kullum ƙara sakayau yake yi. Da can in ya tsala kuka har maƙwabta sai sun ji. Yanzu sai ya buɗe baki, muryar ta fito siririya, ta yanke.

Abin ya ɗaure wa Kulsumu kai, don ba a taɓa yi wa maijego hidima irin wannan ba a unguwarsu da ke Gurbin Bore. Uwar Ummusalma ta rasu tun cikin yana wata shida, saboda haka babu gidan da za ta je wanka. Hammadu kuma, mijinta, ya bi shanu kudu tun farkon rani, ya ce wa uwarsa, "Inna, ga amana nan." Kulsumu ta naɗe tabarmarta ta dawo ɗakin surukarta. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke tuƙa tuwo. An yanka kaji, an yi ƙauri, fura da nono ba su yanke ba. Kuma kullum akushi na dawowa a wanke.

Duk da haka yarinyar sai ramewa take yi, ga wata ƙuna da ta kama mata tafin ƙafa. Wuni take da ƙafafunta cikin ƙwaryar ruwan randa, tana cije leɓe. An shafa man shanu, an ƙunsa lalle, an sha rubutu. Ranar da Abbati ya wuni bai jiƙa zanen goyo ba, Kulsumu ta ɗaura shi ta ce su tashi.

A Zurmi mai duba marasa lafiya ya kalli jaririn sau ɗaya ya ce su wuce Ƙaura. Wucewar ce aiki. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a 'yan kabu-kabu suka daina ɗaukar mata, motar da ta cika kuwa ta maza ce. Suka zauna a inuwar tasha suna jiran ta mata har rana ta take tsaka. Abbati ya daina kuka. Kulsumu ta kwance shi ta riƙe a cinya, bini-bini tana kai yatsa gindin hancinsa.

A asibitin Ƙaura suka faɗa hannun wata ma'aikaciyar jinya mai suna Maimunatu, ƙatuwar mace mai yawan magana. Ta ɗiga wa yaron wani ruwa a baki da cokali, kaɗan-kaɗan, sai da ta ga maƙogwaronsa ya motsa sannan ta juya kan uwar. Ta buɗe mata ido, ta duba harshe, ta matsa tafin ƙafa. Ummusalma ta zabura.

"Mi take ci?" in ji Maimunatu.

Kulsumu ta lissafa mata tun daga kaji har fura.

"To Inna, ko dai ke ka cinyewa? Don na ga ke kumatunki lafiya lau."

"Ɗiyata, ban zo wasa ba."

"Ni ma haka." Maimunatu ta jawo kujera ta zauna. "Ƙunar ƙafa na da dalilai da yawa, likita zai duba jininta. Amma in na gan ta tare da irin wagga rama, akwai abin da nake zargi. Cikin dangin bitamin B akwai na biyar, wanda ke taimakon jiki shi mai da abinci ƙarfi. Mai ciki na buƙatarsa fiye da da, mai shayarwa ta fi ta, don ta nono yaro ke samun nasa. To shi wanga, Allah ya watsa shi kusan cikin kowane abinci. Yana cikin ƙwai, yana cikin hanta, gyaɗa, nono, gero. Da wuya shi ƙare ma mutum, sai fa wanda bai cin komi. Ko dai abincin bai zama cikinta, ko kuwa bai shiga."

"Akushi na dawowa wanke."

"Ban tambayi akushi ba. Ina kike kwana?"

"Ɗakinta."

"Da rana fa?"

"Ina nan gefenta. Amana aka ba ni."

"In an kawo abinci?"

"Ni ka aje mata, in zauna in ga ta..."

Kulsumu ta laluba kwanaki talatin da ɗoriya, ta rasa rana ɗaya da ta ga loma ta shiga bakin yarinyar nan. Kullum sai Ummusalma ta ce bari ya huce, ta rufe da faifai. Can in za ta zagaya sai ta fita da akushin, ta dawo da shi a wanke. Kulsumu ta ɗauka a waje take ci, har tana jin daɗi a ranta cewa ɗanta ya auro 'yar mutunci wadda ba ta tauna gaban surukai.

Maimunatu ta sunkuya kusa da Ummusalma. "Ƙanwata, ina tuwon ke zuwa?"

Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙyar maganar ta fito. "Baffa na zama bayan ɗaki, gindin iccen bedi, yana tufkar igiya. In ya tahi masallaci nakan yi loma biyu tsaye. Sauran in ba awaki."

"Ruwa fa?"

"Kunun kanwa. Shi magani ne."

Sai Kulsumu ta tuna ranar suna. Gida cike da mata, ita kuma ta ɗaga murya don dangin marigayiya su ji, ta ce tun da yarinyar nan ta shigo gidanta ba ta taɓa ganin bakinta na motsi ba. Mata suka yi guɗa. Ummusalma na zaune a ƙuryar ɗaki tana ji.

Kulsumu ta fita bakin asibiti da sauri, ta dawo da hanta gasasshiya, da dafaffen ƙwai, da kunun gyaɗa a kwano. Ta ajiye a kan gado, ta durƙusa a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi wa ɗan da ta haifa ba.

"Ɗiyata, ci. Na yafe miki kunyar nan duniya da lahira. Ni uwarki ce. Ki dubi yaron ga, ki ci."

Ummusalma ta ɗauki yanka ɗaya. Hannunta ya taso har haɓa, ya tsaya. Ta yi ƙoƙari, Kulsumu na ganin ƙoƙarin a wuyanta. Hawaye suka zubo, hantar ta koma cikin takarda.

"Na juya baya," in ji Kulsumu, ta fuskanci bango. "Ga shi, ba ni ganinki."

Ba ta ji motsin komai ba sai numfashin jaririn.

Maimunatu ta kama hannun tsohuwar ta fitar da ita baranda. "Inna, in kina bakin ƙofa ta sani. In kina cikin garin ga ma ta sani. Ba ta da kowa wajen uwa?"

"Akwai ƙanwar uwatta, Kulu, a Shinkafi."

"A ɗauko ta. Ita za ta yi jinya, kuma in an sallame su can za su wuce, ba gidanki ba, sai yarinyar ta murmure."

"Ba a yi arba'in ba. Mi zan ce ma Hammadu? Mi mutane za su ce, na yar da maijego asibiti?"

"Su ce. Ni dai in ta ci, ta sha, muka riƙa aza mata shi ga nono ko babu komi, ina sa ran ruwan shi dawo. Kafin nan mu riƙe shi da cokali."

"Yaron zai kai?"

Maimunatu ba ta yi wasa ba wannan karon. "Ban yi miki alkawari ba."

Kulsumu ta dubi ƙofar ɗakin. Taku biyar ne tsakaninta da jikanta, kuma zuwa Shinkafi da dawowa sai gobe. Ta gyara lulluɓi.

"Ki hwaɗa mata na tahi," ta ce. "Ki ce kin ga hitata da idonki."

"Ba ki yi musu sallama?"

"In na shiga sai ta aje kwanon ta gaishe ni."

Ta sauka daga barandar, ta zagaya ta bayan ginin don kada ta gifta ta gaban tagar.