Bakari Ne a Bayan Jirgina

Ni na fara ganin yarinyar nan 'yar Rasha a duk garin Guri, wanda ya ce ya riga ni ƙarya yake. A teburin shayin Zaharaddeen ne, samari na jiran ƙwallo, sai talabijin ta nuno mace da namiji suna sulu a kan ƙanƙara da takalma masu wuƙa a ƙasa. Aka hau ihun a canja tasha. Na buga sanda na ce wanda ya taɓa akwatin nan sai na karya masa yatsa. Namijin ya ɗaga ta ya cilla sama, ta juya kamar mazari, ta dira da ƙafa ɗaya ko ƙasa ba ta kalla ba. Na ce wannan za ta ci duniya. Ta ci kuwa, zinare kan zinare. Sunanta ya ƙi zama a bakina, na raɗa mata Tsattsewa.

Na san abin da na gani. Tun ina saurayi nake tseren kwalekwale, ni a gaba, Bakari a baya yana saita jirgi. Ambaliya ta cinye gidana, kwalara ta kwashe sa'o'ina, ga ni nan daram. Ban taɓa waiwayawa in duba ko Bakari ya shirya ba, numfashinsa nake ji.

To, abokin wasan Tsattsewa ya fara gajiya, masu horar da ita suka cire shi, suka haɗa ta da wani ƙato mai ƙirji. Suna fitowa na ce wa Zaharaddeen, "Yaron nan 'yan kallo yake kallo, ba ita ba." Ban rufe baki ba ya cilla ta da ƙarfin tsiya, ta faɗi, haɓarta na jini. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Shi ya sa raina ya ɓaci lokacin da Sunusi, shugaban masu shirya tseren bana, ya tare ni a bakin ruwa.

"Baba Gwadabe, mun yi maka gata. Bana Modu za mu sa maka a baya, yaro ne mai ƙarfi."

"Bakari mutuwa ya yi?"

"Subhanallahi, Baba. Hannunsa ne ke rawa."

"Kai da naka ba ya rawa, wane kofi ka taɓa ɗaukowa?"

Masu wanki suka kwashe da dariya. Na wuce gidan Bakari ina huci. Na same shi a rumfa yana ɗinkin koma, zaren na ta kuɓuce masa.

"Tashi, Babarbare, ka ji cin mutuncin da yaran nan suka yi mana!"

"Zauna, Gwadabe. Ni na je na roƙi Sunusi."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Kwanar kogin nan da ciyawar kacalla ta cushe ta fi ƙarfina yanzu," in ji shi. "In filafilin tuƙi ya suɓuce mini a wurin, kifewa za mu yi. Ba na so a ce ni na kayar da kai gaban jikokinka."

"Wa ya aike ka? Na kawo maka kuka ne? Ka je a bayan idona ka bayar da ni kamar tsohuwar riga!"

"Mu za mu zo ƙarshe fa, tsohon banza."

"Mu zo! Ai da kai zan zo."

Can ya ce wa matarsa Gumsu ta sauko masa da filafili daga saman rumfa. Ta sauko da shi tana faɗa, wai in muka nutse ni zan ba 'ya'yanta amsa. Na ce na ji.

Na koma na ce wa Sunusi ya riƙe Modunsa. Yanzu ana yawo da magana a gari wai tsofaffi biyu za su sha ruwa. To, mai shakka kar ya tsaya a tudu yana surutu. Ranar tsere ya turo jirginsa kusa da namu a kwanar kacalla, in ya haifu.