Caja Ba Ta Kai Gado Ba

Sau bakwai Kawu Makaniki ya kira wayar ɗan ƙanwarsa da safen nan, sau bakwai ana ce masa a kashe take. Shi ke tashin yaron ta waya kullum ƙarfe shida tun da ya shiga jami'a. Yau kuwa jarrabawar da ya faɗi bara ce zai sake, ƙarfe takwas. In ya rasa ta, shekara guda ta tafi a banza.

Ko wanke hannu Kawu bai yi ba ya hau babur.

Ya tura ƙofar ɗakin kwanan ɗaliban, takwas da kwata. Samari huɗu shame-shame, baki buɗe, kowa da waya: wani a ƙirji, wani a ƙarƙashin kumatu. Nasa yaron yana rungume da tasa kamar jaririya. Can jikin bango caja na lilo ita kaɗai.

Ya finciko zanin rufar. "Tashi, sarkin barci! Me ya kashe wayar?"

"Kawu... na sa ƙararrawa, wallahi."

"A mataccen abu? Ga caja can, uban wa ya hana ka jonawa?"

"Igiyar ce ba ta kai gado ba. Na ce bari in ɗan duba abu ɗaya..."

"Abu ɗaya! Har ƙarfe nawa?"

Wani daga gadon sama ya ce, ido a rufe, "Huɗu, Baba. Tare muka gani."

Kawu ya ji kansa na hayaƙi. Shi da bai gama firamare ba ya san ba a barin fitilar mota a kunne a kwana, a ce da safe za ta tashi. Waɗannan kuwa masu littattafai har rufi, daga su har batirin sun tsiyaye.

Ya goyo yaron a babur, takalmi a hannu. A ƙofar zauren jarrabawa mai gadi ya nuna agogon bango.

"Rabin awa ake bayarwa, maigida. An wuce da minti shida."

Kawu ya roƙa, ya cire hula, abin da bai taɓa yi wa mai mota ba. Mutumin ya girgiza kai, ya ja ƙofa.

Yaron ya tsuguna yana share ido. Kawu ya zaro tasa tsohuwar wayar mai maɓalli, ya miƙa masa.

"Ungo, kira uwarka. Da bakinka za ta ji, ba da nawa ba."