Makirfo a Tagar Baba

"Danna koren," in ji ƙaninta a waya. "A'a, Yaya, ba wancan ba. Ke ja da kore duk ɗaya ne a wurinki?"

"Bi ni a hankali, ba na jin ka sosai."

Gaskiya ta faɗa. A bayan ɗakin Baba, injin yankan ƙarfe na Mai Walda ya sake ɗaukar kuka. Baba, wanda ɓarin jikinsa ya shanye tun bara, ya zabura, hannunsa mai lafiya ya damƙe zanin gado. Likita ya ce muddin ba ya samun barcin rana, jininsa ba zai sauka ba. A ofishin kula da muhalli kuwa cewa suka yi maganar baki ba hujja ba ce, ta kawo awon ƙarar, su kuma su rufe shagon.

Manhajar auna ƙara ta gama zama a tsohuwar kwamfutarta. Ƙanin ya ce awon ba ya zuwa ko'ina, a ciki zai tsaya sai ranar da ta miƙa shi da hannunta. Saura makirfo, wanda dole ya kalli waje. Ta ɗaure shi a ƙarfen taga da tsumma, ya zame. Ta sake ɗaurewa, ya rataye kai ƙasa.

"'Yar Baba, me ake kamawa a taga? Tsuntsu?"

Mai Walda ne tsaye a waje, baƙin tabarau a goshi. Duk ranar asibiti shi ke goya Baba har cikin mota, bai taɓa jira a roƙe shi ba.

Kafin ta haɗa amsa ya zura hannu ya taɓa ɗaurin. "Tsumma? Ina raye? Wallahi kin ci mutuncin sana'a."

Ya koma shago. Injin ya tashi. Layin da ke allon kwamfutar ya haura, ya yi ja, ya ƙi sauka. Baba ya runtse ido.

Can sai ga shi da 'yar maƙalar ƙarfe ta riƙe makirfo, da sauran ɗuminta. Ya matse ta a jikin taga da noti. Makirfon ya tsaya cak, yana fuskantar ƙofar shagonsa.

"To, na mene ne ma?"

"Kawu, ƙarar shagonka yake aunawa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ofis zan kai."

Ya karkato kunne. "Na'am? Ɗaga murya, 'yar nan. Kunnuwan nan ƙarfe ya gama da su."

Da ta ce na rediyo ne, da ya yi dariya ya wuce. Ta waiga ta dubi Baba, ta maimaita da ƙarfi, kalma bayan kalma.

Mai Walda ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon tsohon a kan gado. Sannan ya ciro sifana daga aljihu, ya ƙara matse notin.

"Kar iska ta karkatar da shi," ya ce.