Babu Mai Gyara wa Malama

Shekara talatin da huɗu matata ta yi tana koyarwa a sakandare. Da ta yi ritaya sai ta ja teburin cin abinci zuwa gindin taga, ta ce littafin labari za ta rubuta wa matasa. Wata goma sha ɗaya tana kansa, da hannu, a littattafan rubutu masu layi. Ni kafinta ne. Iyakar abin da na iya yi mata, na rage wa teburin ƙafafu don kafaɗarta ta daina ciwo.

Da ta gama ta ba jikarmu mai shekara goma sha biyar. Kwana uku tsinken ashanar da yarinyar ta sa a shafi na tara bai gusa ba.

"Ke, me ya tsayar da ke?"

"Kaka, yana da daɗi wallahi."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

"To Kaka, mu dai hutu muke yi," in ji yarinyar, ta zari ɗankwalinta ta fice.

Malama ba yabo take nema ba. Mutum ɗaya take so ya ɗora yatsa ya ce mata nan ne matsalar. To amma duk wanda ya iya karatu a unguwarmu ta hannunta ya biyo. Har ni, ita ta koya mini haɗa baƙi bayan na haura arba'in. Da ta tambaye ni, cewa na yi rubutun ya fita tsaf.

Daga ƙarshe na raka ta wurin wani tsohon ɗalibinta, edita a kamfanin buga littattafai. Gajere take ce masa tun yana aji ɗaya, ga shi yanzu sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Yana ganin ta ya miƙe daga bayan tarin takardu, ya mai da hannuwa baya.

"Zauna mana, Gajere, ofishinka ne."

"Na fi jin daɗin tsayuwar, Malama."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Karanta wannan kamar ba ka san ni ba. Inda ya yi lami, ka ce ya yi lami."

"Haba Malama, ni a wa?"

"Kai ɗin dai. Ba da shi kake cin abinci ba?"

Bayan mako biyu ya zo. Bai shiga gida ba sai da ya biyo ta rumfata.

"Baba, labarin nan akwai rai a ciki. Yarinyar da ke ɓoye wa uwarta sakamakon jarrabawa sai da ta sa ni hawaye. Amma ƙarshen kowane babi Malama ta jera tambayoyi biyar. 'Kawo darussa uku da ka koya.' Wane yaro zai kai babi na biyu?"

"To ka gaya mata."

"Baba, kai da kuke gida ɗaya?"

Na ci gaba da goge katakon da ke hannuna.

A falo ya durƙusa ya miƙa mata littattafan, ko ɗigo bai taɓa ba. Sannan ya zaro waɗansu takardu daga jaka. Tambayoyin ne ya amsa, duka sittin, ya rubuta sunansa da kwanan wata a sama.

"Na ga kin bar aiki, shi ne na ce kada in zo hannu rabbana."

Malama ta gyara tabarau. Kafin ta ankara hannunta ya lalubo jan biro, ta fara dubawa. Ta ba shi ta ɗaya, ta ba shi ta biyu, ta soke ta huɗu. A shafi na uku ta tsaya cak.

"Gajere, wannan shi ne gyaran?"

"Malama, ai babu abin gyarawa."

Ta juyo ta dube ni. Na shiga kaɗe garin katako daga wandona.

Sannan ta sunkuyar da kai ta ƙarasa, don ba ta taɓa barin takardar ɗalibi rabi da rabi ba. Hamsin da biyu ya ci. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.