Man Zaitun a Shokar Gaba

Na faɗi da babur a kwanar da ke ƙasan gonar zaituna, kuma kafin ƙurjewar gwiwata ta bushe 'ya'yana sun gama yanke mini hukunci ta waya. Wai na tsufa. Idir, babban ɗana, ya taso takanas daga birnin Kasablanka, ya gaishe ni, ya sumbaci kaina kamar mutumin kirki, sannan ya zare makullin babur ɗin daga jikin ƙusa ya jefa a aljihu. Ya ce ranar kasuwar Damnat zai sayar da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har shayin da ke hannuna ya fita kaina.

Gonar nan tana can saman dutse, ƙafata ba za ta kai ni ba. In babu babur babu gona, kuma na san abin da zai biyo baya: su kwashe ni su kai ni wani ɗaki a saman bene a birni, in zauna ina kallon tantabaru ta taga har rai ya yi halinsa. Ni Bassu, da nake hawan hanyar nan tun ba a zuba mata kwalta ba!

Na faɗa masa ba shekaru ne suka kayar da ni ba. Da safiyar ranar da na faɗi sanyi ya yi tsanani, ƙanƙara ta kwanta a bakin hanya, na shiga rami sai gaban babur ɗin ya ƙi lotsawa, ya dake kamar taɓarya, na damƙe birki shi kuma ya zame. Idir ya gyaɗa kai irin yadda ake yi wa mai zazzaɓi in yana sambatu. Uwarsa Tamu tana tsugune tana gasa gurasa, ko ɗago kai ba ta yi ba, abin da ba halinta ba ne.

Makulli ya ɗauka ai, bai ɗauki sifana da sauran kayan gyarana ba. Washegari na shiga motar kasuwa na sauka Damnat, na nufi shagon Si Muha mai kayan babur. Na ce ya ba ni sil guda biyu, robar nan da ke tare mai, na shokar gaba mai shanye wa babur ramuka, domin na daɗe da ganin ta hagu tana naso ina ta cewa gobe. Da aka zo kan mai sai ya jawo man inji, wai kowa shi yake zubawa. Na ce ni ba kowa ba ne. Ya ɗauko lamba sha biyar, na ce ya yi kauri, a sanyinmu na kan dutse sai ya mayar mini da babur jaki. Lamba biyar kuma ruwa-ruwa ne, in na ɗora buhu na gangaro gaba zai riƙa nutsewa yana dukan ƙasa. Lamba goma nake so. Ya ce tsofaffin kan dutse sun fiye fitina, na ce su kuma na gari sun fiye son banza, muka yi dariya ya naɗe mini kayana.

A tsakar gida na ɗora babur ɗin kan kututture, na cire tayar gaba, na zare shokar hagu. Na kwance murfin sama, na fitar da sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan na ciki, na kifa shokar a tsohon kwano. Abin da ya fito ya sa na yi sororo. Maimakon baƙin mai mai wari, wani abu ne kore-kore yake gangarowa a hankali, da gudaji-gudaji a ciki. Ban ma kai shi hanci ba na gane. Man zaitun ne, kuma na gonata, matsar bana. Ta dama ma haka, an cika ta har wuya, babu ko wurin iska. Da ma shi man zaitun in sanyi ya kama shi daskarewa yake yi. Wanda ya tsiyayo ta tsohuwar robar kuma ya bi ƙafar shokar ya jiƙa birki sharkaf.

Na ɗaga ido na ga Tamu a bakin madafa tana murza bakin zanenta. A wajenmu in an kawo man farko daga matsa, uwargida ce ke bi da shi gida kaf. Ta shafa wa jikoki a ka, ta ɗiga a ƙyauren ƙofa, ta shafa wa garma, har goshin alfadari sai ya samu rabonsa, don albarkar shekara ta game komai. Ita ce kuma take riƙe mini mazurari duk lokacin da na canza man shoka, ta san murfin, ta san sifanar. Ta ga babur ɗin mijinta yana zubar da mai, ta ba shi mafi kyawun abin da take da shi. Na so in yi faɗa, wallahi na so, amma tausayinta ya hana ni.

Ina cikin wanke bututun shokar da kananzir Idir ya shigo. Ya tsuguna, ya dangwali kwanon, ya sansana. Fuskarsa ta canza.

"Baba, man miya ka zuba a babur?"

Ya juya wajen uwarsa yana magana ƙasa-ƙasa, kamar ba na wurin. Ya ce ta gani ko, abin ya wuce maganar ƙafa da ido, ya fara taɓa kai, dole a kai ni likita ya duba. Da kalma ɗaya zan iya wanke kaina, amma na san 'ya'yana. In suka ji ita ce, har ta mutu ba za su daina cewa ta kusa kashe ubansu ba.

"Ni na zuba," na ce. "Babur ɗina ne, man gonata ne. Sai me?"

Na ci gaba da aikina cike da haushi. Na ɓanɓare zoben ƙarfe, na fitar da tsohuwar robar, duk ta tsage. Na naɗe bakin bututun da leda don kada ya yanki sabuwar, na shafa mata mai, na zura ta, na buga ta da guntun fayif har ta zauna daram. Na auna lamba goma na zuba, na yi ta dannawa har iska ta fita. Na wanke birkin tas. Idir yana tsaye yana jira in yi kuskure, ni kuwa ban ba shi wannan daɗin ba.

Da na mayar da tayar, na danna kan babur ɗin ya lotsa ya dawo lafiya lau, sai ga Tamu ta fito da mayafinta na fita da kwandon abinci.

"Ƙarya ubanka yake yi, Idir. Ni na zuba. Kansa ƙalau yake, ya fi naka."

Idir ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ta yi kwanaki ba ta iya cin abinci saboda wannan abu, kuma ba za ta tsaya tana kallo a mayar da mijinta mahaukaci a cikin gidansa ba. Ta miƙa tafin hannu ta ce ya ba ta makullin, gona za mu.

"Inna, ke da ba kya hawa babur?"

"Yau zan hau. In ya faɗi mu faɗi tare, sai ku huta da mu duka."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ya ɗora mata a tafi.

Ta zauna a bayana a karkace, ta ƙanƙame rigata. Muka fita daga ƙauye muka kama hawa. Gaban babur ɗin yana shanye ramuka yadda ya kamata, amma ina jin ta a bayana tana ta salati. Da muka doshi kwanar da na faɗi sai na sassauta, saboda ita.

Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Kada ka rage, Alhaji. Idir yana kan soro yana kallonmu."