Baƙin da Kaka Ta Tafasa

Sai da ruwan ya yi ta ɓararraka har murfin butar ya soma rawa, sannan Kaka ta sauke. Ta yage bakin 'yar takardar maganin, ta zazzage farin garin a kofi, ta kwarara masa ruwan yana tururi, ta juya da cokalin da shi ma ya sha tasa tafasar tun da safe. Takarda ta goma sha huɗu ke nan, ita ce ta ƙarshe a kwalin.

"Ango, fito daga ƙarƙashin tebur, ina ganin ƙafarka."

Angon nata jikanta ne, ɗan shekara huɗu, mai baki kamar ya haɗiyi rediyo. Ya leƙo ya ce shi ya sake ta tun jiya, saboda ba ta da aiki sai ba miji magani. Ta ce ta ji, ya sha tukuna, sai ya rubuta mata takardar.

Shekara talatin da biyu Kaka ta yi a ɗakin tsabtace kayan tiyata na wani babban asibiti. Almakashi, hantsaki, tire, duk abin da zai taɓa jikin mara lafiya sai ya bi ta hannunta, har abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Tafasa. Da ta yi ritaya ta dawo gidan 'yarta, sai ta taho da halinta, don hali zanen dutse ne. A gidan nan ko mariƙin ƙofa ya san ta.

Wata guda ke nan tari ya kama Ango, ya sauka masa a ƙirji, aka kwantar da shi kwana uku. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka ba shi ya kori tarin, amma ya bar masa gudawa. Shi ne likita ta rubuta wannan garin. Ranar da 'yarta ta kawo kwalin, tana sauri za ta koma ofis, ta ce a riƙa damawa da ruwa mai sanyi, wai ƙwayoyin bakteriya ne masu rai a ciki, masu gyara ciki. Kaka ta ce to. A ranta kuwa cewa ta yi yaran zamani akwai ganda. Bakteriya mai rai, ɗanya shar, a cikin jikanta? Sai ta yanke abin da ta ga ya fi hankali: a kashe ƙwayar, a ba yaro maganin.

Gudawar ta ragu, amma ba ta tsaya ba. Jiya da yamma kuma, tana shanya a baranda, ta jiyo surukinta yana gaya wa 'yarta ƙasa-ƙasa cewa yayarsa ta ce a riƙa kai mata yaron da rana, ita da ta raini shida, tsohuwa kuma ta huta. 'Yarta ta ce a bari a ji abin da likita za ta ce gobe. Ba wanda ya tunkari Kaka da zancen, amma ya tsaya mata a rai. Ba hutu take so ba. Tun da ta ajiye aiki, wannan ɗan bakin shi ne aikinta, shi ne hirarta, kuma tana tsoron gidan in ya yi shiru.

Iyayen duk suna wurin aiki, don haka ita ta kai shi wurin likita. A cikin bas ta goge ƙarfen riƙewa da hankici kafin ta bar shi ya taɓa. Shi kuwa ya juya ya sanar da mutumin da ke bayansu cewa jiya sau huɗu ya je ban ɗaki, yau sau ɗaya tukuna. Mutumin ya ce Allah ya ƙara sauƙi, rabin motar na dariya.

Likitar matashiya ce mai tabarau. Tana ɗaga kai ta miƙe tsaye, ta gaida Kaka da ladabi, ta ce ai ba za ta manta da ita ba: tana ɗaliba, sau biyu Uwar Tafasa ta koro ta daga bakin ƙofa saboda ba ta wanke hannu har gwiwa ba. Kaka ta ji daɗi, ta gyara zama. Likita ta saurari ƙirjin Ango gaba da baya, ta ce tas yake, babu sauran komai. Ta ɗora shi a sikeli, ta ɗan yamutsa fuska, ta tambayi cikin. Daga nan ta tambaya ko an ba shi garin nan kullum.

Kaka ta ce ko rana ɗaya ba ta tsallake ba. Da yake kuma a gaban wadda ta san darajar aiki take, sai ta zayyana yadda take yi dalla-dalla: ruwa ya tafasa sosai, a zuba a kan garin nan take, a rufe kofin minti biyar don kada ko ɗaya ta tsira.

Likita ta cire tabarau. Ta dubi silin, ta dubi takalminta, kafaɗunta suna motsi. Da ƙyar ta tattaro fuskarta.

"Mama, ai ƙwayoyin su ne maganin. Babu wani abu a takardar sai su."

Ta yi mata bayani a hankali. Hanjin mutum cike yake da ƙwayoyi na kirki, masu taya shi narka abinci, masu tare wa miyagu wuri, har suna taya garkuwar jiki aiki. Maganin da ya ceci ƙirjin Ango bai san na gida ba, bai san ɓarawo ba, duka ya share. Garin nan baƙi ne ake turawa su riƙe wurin kafin 'yan gida su farfaɗo. Ta ce ba su ke warkar da ciwon ƙirji ba, kuma ba za ta rantse cewa da an ba shi daidai da tuni gudawar ta tsaya ba. Amma sukan taimaka wa cikin, wasu binciken ma sun nuna yaran da ke shan irinsu mura da tari kan ɗan rage kama su.

Kaka ta tambaya, a kowace takarda guda nawa ne.

"Kamar biliyan biyar."

Ta lissafa da goma sha huɗu a zuci, lissafin ya fi ƙarfinta. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ga tausayin yaron da ya yi sati biyu yana shan ruwan banza. Amma, Allah ya yafe mata, can ƙasan kunyar akwai wani ɗan guntun alfahari: ko a asibiti ba ta jin ta taɓa yin aiki mai yawan wannan.

Likita ta rubuta sabon kwali. Ta ce ruwan dai a ci gaba da tafasa shi, wannan daidai ne, sai dai a bar shi ya huce sarai kafin garin ya shiga. Ta ƙara da cewa a kati za ta rubuta a maimaita magani kawai, sauran zancen ya tsaya a ɗakin nan.

A hanyar dawowa Kaka ta yi ta juya tayin. In ta yi shiru, ba mai sani. Ango yana can yana wasa da sikeli lokacin da ake maganar. In ta faɗa, ta miƙa wa surukinta hujja da hannunta: ga tsohuwa an ce mata sanyi ta yi zafi. Sai dai shekara talatin da biyu tana gaya wa ƙananan ma'aikata cewa wanda ya yar da almakashi a ƙasa ya mayar a tire bai faɗa ba, ya fi wanda ya yar da goma ya faɗa laifi.

Da la'asar, suna dawowa daga aiki, ko jaka ba ta bari sun ajiye ba. Ta tsaya a tsakiyar falo, kwalin a hannu, ta faɗi komai, har da rufe kofi na minti biyar. Ta ce in sun ga ya fi a kai shi wurin gwaggonsa, ba za ta ce komai ba, garin neman gira ta kusa rasa ido.

'Yarta ta zauna a hannun kujera, ta toshe baki da gyale, hawaye na zuba don dariya. Surukin kuwa, da yake ba ya iya dariya a gaban surukarsa, ya ce ya manta wani abu a mota. Ta taga suna hango shi ya dafa bayan motar, ya sunkuya, jikinsa na girgiza. Da ya dawo, idonsa jajir, ya durƙusa gefe kamar yadda ya saba.

"Mama, wanda ya yi kwana goma sha huɗu bai tsallake ko ɗaya ba, ai ba a karɓe masa aiki. Zan kira Yaya in ce mun gode."

Kaka ta ce to, ta shige kicin da sauri don kada a ga fuskarta. Ta tafasa ruwa, ta zuba a kofi, ta zauna tana yi masa fifita da murfin tukunya. Sau uku tana ɗiga shi a bayan hannunta. Da ya yi sanyi ƙalau ta yage takardar, ta kau da kai, ta zazzage.

Ango ya leƙa cikin kofin, ya ce uwarsa ta ce wai akwai abubuwa masu rai a ciki.

"Suna nan da ransu. Sha a hankali, baƙi ne."

Ya shanye, ya ce ya mayar da ita, amma kada ta ƙara. Ta karɓi kofin da cokalin, ta tsaya tana dubansu. Butar tana nan a kan murhu, ba ta gama hucewa ba. Ta waiga, ba mai kallonta, sai ta sake kunna wutar ta jefa cokalin a cikin butar.